Baƙin Rali a Garin Rake

Duk wanda ya tashi daga Zariya ya bi ta Hunƙuyi ya nufi Danja a tsakiyar hunturu, hancinsa ne zai fara shaida masa ya kusa isowa. Ƙamshin ruwan rake da ake dafawa a bakin gonaki domin yin mazarƙwaila shi ke tarbar baƙo tun bai hangi gidajen gari ba. Daga nan sai ido ya karɓa: koren rake a fadama, jan tumatir cikin kwanduna a gefen titi ana jiran mota, da ƙurar da ta lulluɓe komai, tun daga ganyen itace har girar fasinja. Ni ɗan garin ne da aiki ya kai birni, kuma abin da ya dawo da ni a wannan karo magana ce da wani zai yi wa dariya, wato launin da za a shafa wa wani tsohon keke.

Keken na marigayi mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Ƙirar Raleigh ne, wanda mutanenmu ke kira Rali, kamfanin da ya kafu a birnin Nottingham na Ingila a ƙarshen ƙarni na 19, mai tambarin kan zalɓe a gaban keke. Da kuɗin auduga ya saye shi, kamar yawancin tsararsa. Wannan yanki namu na Funtua da Malumfashi auduga ce ta fito da sunansa tun zamanin Turawa, lokacin da aka kafa masana'antun gurzar auduga, aka kuma shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua har ya kai Ƙaurar Namoda a 1929. Da aka zo shekarun shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, manomin da kaka ta yi wa kyau ba ya rasa ɗayan uku: rufin kwano, rediyo, ko Rali. Mahaifinmu ya zaɓi Rali, ya kuma hau shi har ƙarfinsa ya ƙare.

Shekaru keken ya yi a jingine a zaure. Bayan da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ƙanena, wanda ke noman rani kuma yana taɓa kanikanci, ya ga babur ya fara fin ƙarfin aljihunsa. Sai ya sayo ƙaramin inji irin wanda ake ɗaura wa keke, mai shan fetur gauraye da baƙin mai. Ya zaunar da shi a tsakiyar jikin keken, ya ɗora ɗan tanki a kan sandar sama, ya ja sarƙa ta biyu zuwa ƙafar baya. Idan mai ya ƙare a hanya, sai a koma wa feda. Dabarar tsohuwa ce. Faransawa sun fara sayar da VéloSoleX a 1946 da Mobylette a 1949, kuma duk wanda ya san Maraɗi a shekarun baya ya san ƙarar mobilet a titunanta.

A kan inji babu wanda ya ja da shi. Fenti ne ya raba mu. Shi yana son ja wur da ratsin ruwan azurfa, irin na sababbin babura. Ni kuwa na kafe a kan baƙi wuluk, yadda na san keken tun ina yaro. Ta waya muka fara, har maganar ta kai ya ce mini, “Yaya, kai hoto kake son gani idan ka zo Sallah, ni kuwa gona zan je da shi kullum.” Maganar ta sosa mini rai, shi ya sa na yi sammako na kamo hanya.

Washegari muka tura keken zuwa rumfar wani dattijo mai fenti, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana zana jikin manyan motoci. Na zaci zai fito mana da gwangwanaye mu zaɓa. Shi kuwa sai ya tsuguna ya kankare gindin sandar sirdi da farce, ya nuna mana tsatsa, ya ce, “Malam, launi shi ne ƙarshen magana. Wace hanya zai riƙa bi? Ƙarfe nawa yake dawowa gida? A ina yake kwana?”

A rumfar nan na koyi abin da ban sani ba. Fentin da aka shafa a kan tsatsa ɓawo yake zama, damina ɗaya ta ishe shi ya ɗaye. Dole a goge ƙarfe da samfefa har ya yi haske, a fara shafa jan fentin ƙasa mai hana tsatsa, sannan a bi da launi shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya bushe kafin na gaba. A hunturu fenti na saurin bushewa, amma ƙura na manne masa, don haka da sassafe yake aiki bayan ya yayyafa ruwa a ƙasan rumfa. Tanki na bukatar fentin da fetur ba ya ci, domin ɗigon mai na narkar da na gama-gari. Salansa kuwa ba a kai mata fentin jiki, zafi zai ƙone shi. Ya kuma gargaɗe mu kada a cike lambar da kamfani ya buga a jikin ƙarfen, domin ita ce shaidar mai keke ranar da aka yi sata ko gardama.

Da aka zo kan launi, bai bar kowannenmu da hujjarsa ba. Ya ce wa ƙanena ja na saurin koɗewa a ranar ƙasar nan, bayan rani biyu sai ya koma kamar busasshen tattasai. Ni kuma ya ce mini baƙi ya fi kowane launi tona ƙura, kuma mafi muni, baƙin keke mai gudun inji a kan titin Bakori da almuru, lokacin da motocin tumatir ke rige-rige, direba ba zai gan shi ba sai ya zo kansa. Ya juya keken ya nuna mana sauran farin fenti a wutsiyar madigadin baya, ya ce masu ƙirar ma ba don ado suka sa shi ba, don a hango mahayi da dare ne. Nan jikina ya yi sanyi. Ina ta kare tarihin mahaifina, na manta ran ƙanena ne zai hau titi.

Da dare muka mayar wa mahaifiyarmu yadda aka yi. Ta saurara har muka gama, sannan ta yi murmushi ta ce da ni, “Kai baƙin keke ka sani, saboda ka buɗe ido ka tarar da shi ya tsufa. Ranar da babanku ya kawo shi, bai kwana ba sai da ya naɗe sandunansa da leda kore da rawaya, ya sa masa madubi biyu da fure a ƙaho. Har tsokanarsa ake yi, wai ya yi wa dokinsa kayan hawan Sallah.” Ashe abin da nake kira asali, ragowar abu ne bayan ado ya zube.

Wannan darasi ya wuce maganar keke. Mu da muka bar gida muna da wata ɗabi'a ta son garuruwanmu su tsaya cak yadda muka bar su, domin mu riƙa zuwa muna tuna baya. Waɗanda suka zauna kuwa su ke fama da tsadar mai da taki da faɗuwar farashin tumatir idan kasuwa ta cika, kuma su ke da haƙƙin juya gado ya yi musu aiki. Mai zama ma yana da nasa kuskuren idan ya ɗauka duk abin da ya tsufa sai an rufe shi da ƙyalli. Kuma Bahaushe bai taɓa zama mai tsoron launi ba. Harshensa ma shaida ne, da ya ari sunayen launuka daga abin da ke kewaye da shi: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan zuma. Wanda ya dubi zanen bangon gidajen Zariya ko kayan dokin hakimi ya san ado tsohon abu ne a wurinmu, ba a yi sai da tsari ba ne kawai ya zama hauka.

Ga yadda aka daidaita. Jikin keken ya zauna a baƙinsa, da siririn layi ruwan zinariya, aka goge tambarin zalɓen aka bar shi ba fenti. Tankin, tunda shi ne baƙo a jikin keken kuma na ƙanena ne, shi ya zaɓa masa kore shar irin na ganyen rake, da ɗan ratsin ja domin kada burinsa ya tashi a banza. Wutsiyar madigadi ta koma fara tas, aka ƙara mata jan madubi mai walƙiya idan fitila ta haska, aka kuma ɗaura fitila a gaba. Kwana huɗu aikin ya ci, har na ƙara hutun da ban yi niyya ba.

Ranar da zan koma, ƙanena ya raka ni tasha a kan keken, buhun mazarƙwailar tsarabata a kariya. Motarmu ta tashi gab da magariba, shi kuma ya juya ya nufi gida. Na leƙa ta taga ina kallonsa cikin ƙura har baƙin ya saje da duhu, koren ma ya ɓace, amma farar wutsiyar nan ina hangen ta har muka sha kwana.