Zakaran da ya ajiye kambu yana da shekara 60

Akwai wani wasa da ko a ƙasashen da ake yin sa ba kowa ya san shi ba. Shi ne tsohon tanis, kakan wanda muke gani a talabijin, wanda Faransawa suka fara da tafin hannu ƙarnuka da dama da suka shuɗe. A cikin babban zaure ake yin sa, kuma ƙwallon na iya dukan bango ko ya gangaro daga rufin baranda kafin a mayar da shi. Da hannu ake ɗinka ƙwallon, yana da tauri, abin bugun kuwa na katako ne mai karkataccen kai. Zaurukan wasan a duk duniya kimanin 50 ne, a Birtaniya da Faransa da Amurka da Ostareliya.

Gasar kambunsa na duniya ta faro tun 1740, inda wani Bafaranshe mai suna Clergé ya zama zakara na farko. Mai riƙe da kambu zama yake yi, sauran su kara da juna, wanda ya yi fice ya ƙalubalance shi. Kwana uku ake karawar, da ranar hutu tsakanin kowace rana da ta gaba.

Abin da ya ja hankalina ga wannan gasa, ni da harkata ita ce lafiyar jiki, shi ne shekarun zakarunta. Pierre Etchebaster, wanda aka haifa a 1893 a yankin Basko na Faransa, ya ci kambun a 1928, ya kare shi sau bakwai, sannan ya ajiye shi don kansa a 1954 yana da shekara 60. Robert Fahey na Ostareliya ya riƙe shi daga 1994 zuwa 2016, lokacin da Ba'amurke Camden Riviere, wanda ya girme wa da shekara 19, ya karɓe. A 2018 Fahey ya sake ƙwato shi a Landan, yana gab da cika shekara 50.

Ba tsafi a ciki. Wasan yana saka wa mai sanin inda ƙwallo zai faɗa fiye da mai ƙarfin dantse, don haka tsohon hannu yakan taka sau uku inda matashi zai taka goma. Sa'annan mutanen nan ba su taɓa barin jikinsu ya yi sanyi ba. Salo suka riƙa sauyawa daidai da shekaru, suna ci gaba da motsi.

Mu kuwa a gidajenmu na sha ganin akasin haka, kuma ƙauna ce ke jawo shi. Da zarar likita ya ambaci hawan jini ko ciwon suga, sai 'ya'ya su taru: "Baba, don Allah ka zauna ka huta." A hana shi leƙa gona, a kai shi masallaci a mota. Hajiya ma a karɓe tsintsiya daga hannunta. Bayan 'yan watanni sai tashi daga tabarma ya zama aiki, a ce tsufa ne ya zo. Sau da yawa zaman ne ya ci jikin, domin tsokar da ba ta aiki ramewa take yi, kuma a jikin tsoho ramar tana sauri, mayar da ita kuwa da wuya. Ƙafa in ta yi rauni, faɗuwa ke biyo baya, kuma karayar ƙugu kan kwantar da tsoho kwanciyar da ba ya tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako. Ga wanda ya kai shekara 65, ta ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka da daidaita tsayuwa kwana uku ko fiye. Tafiyar minti 30 da sanyin safiya, kwana biyar a mako, ta cika ma'aunin farko. Tashi daga kujera a sake zama sau goma, da tsayawa kan ƙafa ɗaya ana dafe da bango, suna cikin na biyu.

Kada dai mai karatu ya manta cewa waɗancan zakaru sana'arsu ke nan. Mai ciwon zuciya, ko wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki, ya fara tambayar likitansa iyakar abin da zai iya. In ana cikin motsi aka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, a tsaya nan take a nemi asibiti.

Shekaru suna karɓar rabonsu daga ƙarshe: a 2022 Riviere ya sake doke Fahey, wanda a lokacin yake da shekara 54. Amma a tsaye aka doke shi, cikin zaure, bayan kwana uku na karawa. Abin da nake roƙa wa iyayenmu ke nan. In Baba ya miƙe zai tafi masallaci a ƙafa, a bar motar, ɗaya daga cikin jikoki ya raka shi.