Na'urar Da Ke Hango Hadari Tun Daga Nesa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sam mini ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malamai da akawuna bisa wani al'amari da ya daɗe yana ci mini rai.

Ni mutumin Gangara ne, cikin ƙasar Jibiya, bakin iyakarmu da Nijar. A nan ba wanda ya manta da daren 15 ga Yuli, 2018. Ruwa ya goce mutane na barci, kafin asuba kogi ya afka cikin garin Jibiya, ya rushe ɗaruruwan gidaje, ya ci mutum fiye da 40. Waɗansu ma sai cikin ƙasar Nijar aka tsinci gawarsu, gama ruwanmu can yake gangarawa, ya bi ta Madarumfa ya zama Gulbin Maraɗi. Da na je ta'aziyya, duk gidan da na shiga zancen ɗaya ne, watau da an sami wanda ya tashe su ko da sa'a guda kafin ruwan ya iso, da an kwashe yara an hau tudu. Tun ran nan nake bincike ko akwai dabarar samun wannan sa'a guda.

Ashe akwai. Wata na'ura ce da ake kira rada. Kowa ya san in ka yi kuwwa a gindin dutse, muryarka takan dawo maka. To, haka take aiki. Takan harba igiyar rediyo cikin gajimare, ɗigon ruwan da ke ciki ya maido da ita. Daga jinkirin dawowar a san nisan hadarin, daga ƙarfinta kuwa a san nauyin ruwan da ke cikinsa.

Waɗanda suka fi ba ni sha'awa a wannan aiki su ne mutanen Suwizalan, a Turai. Ƙasarsu ba ta kai biyun Jihar Katsina ba, amma rada biyar gare su. Dalili kuwa, ƙasar duwatsu ce, dutse yakan tare igiyar, abin da ke bayansa ya ɓuya. A da uku suke da su, Albis da La Dôle da Monte Lema. Da suka ga kwazazzabai da yawa ba a ganinsu, sai suka ƙara biyu a 2014 da 2016, suka ɗora su bisa ƙololuwar duwatsu masu tsawo kusan mita 3,000. Kowane minti biyar na'urorin sukan duba sararin sama su ba da sabon hoto.

Har ƙanƙara sukan rarrabe da ruwa. Babban ɗigon ruwa in yana faɗowa yakan baje kamar waina, ƙanƙara kuwa tafe take tana juyi, ba a gane tsawonta da faɗinta. Sai a harba igiya iri biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, a gwada amsarsu. Wannan ya taɓa ni, don wata shekara ƙanƙara ta kakkarya mini gero yana cikin bununi, ta karya ƙafar ɗan akuya a turke. Geron dai ba mai ɗauke shi, amma da na sani da na shigar da dabbobi.

Kada wani ya ce abin Turai ne kurum. A daminar 2006 da ta 2007 masana daga makarantar MIT ta Amurka sun kafa rada a Yamai, cikin babban binciken damina da aka kira AMMA, suka yi ta bin sawun hadarin ƙasashenmu. Abin da tsofaffinmu suka sani ne ya tabbata: babban hadari daga gabas yake tasowa, ya jeru sahu guda mai tsawo ya nufo yamma, yana cin wajen kilomita 50 cikin sa'a. Hadarin da aka hango a nisan kilomita 150 ke nan ya ba mu kamar sa'a uku.

Mu ba mu da duwatsun da za su tare mana igiya, sai dai nisa. Da yake duniya a dunƙule take, in igiyar ta yi kilomita 200 ta riga ta haye sama da wajen kilomita huɗu, sai kan gajimare take gani. Saboda haka rada in a Yamai take ba za ta gan mu ba, in a Kano take kuwa da ƙyar. A ganina tsakanin Katsina da Maraɗi ya kamata a kafa guda, hukumar NiMet da takwararta ta Nijar su yi tarayya a kanta, tun da hadari ɗaya ke bi ta kanmu, kogi ɗaya kuma ya haɗa mu.

Abu ɗaya ya rage mini, a kansa kuwa nake neman shawarar masu karatu. In ma'aikaci ya ga hadari da ƙarfe goma na dare, ta wace hanya labarin zai kai ga matar da ke barci da 'ya'yanta a bakin kogi? Ni dai na fi amincewa a buga wa mai unguwa da ladan waya, su kuwa su yi shela da lasifikar masallaci. Wanda ya san hanyar da ta fi wannan, ina roƙo ya rubuto mu ji.

Haza wasalam.

Wani malamin makaranta,
Gangara, Jibiya.