Ƙarshen Labari Amana Ne

Ni tsohuwa ce, ina zaune a Unguwar Shanu cikin Kaduna. Al'adata ce bayan sallar lisha in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, jikokina su kewaye ni in yi musu tatsuniya. Wata rana ina cikin ba su labarin marainiyar nan da kishiyar uwa ta aika rafi, sai babbansu ya ce, “Kaka, ai mun san ƙarshensa, dukiya za ta samo.” Raina ya ɓaci. Na ce a zuci, yau sai na ba ku mamaki. Da marainiya ta kai bakin rafi, sai na sa kura ta cinye ta, na rufe labari.

Wuri ya yi tsit. Can sai ƙaramarsu ta fashe da kuka, ta ce, “Kaka, me ta yi?” Na rasa amsa, gama ba ta yi kome ba. Kwana uku yarinyar nan ba ta hau tabarmata ba.

Abin ya dame ni, har na tuna da littafin da na fara karancewa bayan na fita ajin yaƙi da jahilci, watau Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, aka buga a 1934. An sace Umar yana ƙarami, uwarsa ta bi sawunsa, ta faɗa cikin bauta, ta sha wuya iri iri. Da Allah ya sada su, ba ta daɗe ba ta rasu. Ranar da na kai wurin nan na yi hawaye, amma ban ce an cuce ni ba. Ai tun can baya marubucin ya nuna mini wahalar da ta ci ƙarfinta. Mutuwarta ta girgiza ni, duk da haka da na waiwaya sai na ga sawunta tun daga nesa. Kurata kuwa daga sama ta faɗo.

Har wa yau, sanin abin da zai faru ba ya rage wa labari zaƙi. Sa'ad da marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, yake wasan Samanja a talabijin na Kaduna, kowa ya san halin Samanja, ya san zai yi faɗa. Jiran faɗan nan shi ne rabin dariyarmu. Tuwo ma kullum shi ne, miya ake sakewa.

A dare na huɗu na lallaso yarinyar, na mayar da labarin bisa turbarsa. Sai dai tun da fari na ambaci wata 'yar tsuntsuwa da marainiya ta ba tsaba, kowa ya manta da ita. Da kura ta taso, tsuntsuwar ce ta yi kuka maharba suka zo. Babban nan da ya ce ya san kome ya yi tsalle, ya ce, “Ashe!”

To, 'yan'uwana da Allah ya buɗe wa ido kuka iya karatu, watakila gobe ku ne masu rubutu. Ku ba mu mamaki, amma ku shuka shi tun da wuri ya tsiro a gabanmu. Wanda ya ba ku kunnensa, amana ya ba ku. Allah ya ba mu ikon riƙewa, amin.