Gyaran Nishaɗi da Gyaran Larura

A arewacin Ingila, inda nake zaune yanzu, akwai wani layin dogo mai tsawon mil 18 tsakanin Pickering da Grosmont, wanda hukuma ta rufe a 1965 bisa hujjar cewa ba ya mayar da kuɗinsa, amma mutanen yankin, da yake ransu bai kwanta da a tumɓuke shi ba, suka kafa ƙungiya, suka yi karo-karo, har suka sake buɗe shi a 1973. Galibin masu hidimarsa 'yan sa kai ne. Na ga wani dattijo mai furfura, hannu duk baƙin mai, ya yini yana goge tagullar usur ɗin wani kan jirgi mai aiki da kwal, alhali ko sisi ba a biyansa. Kuma da noti ɗaya ya lalace, bai yarda a ɗaura na zamani ba, sai da aka ƙera mai siffar na asali, domin a wurinsa sauya kamannin abin tamkar cin amana ne.

Mu ma fa a gida 'yan dogo ne. Layin da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, a Ƙaurar Namoda ya tuƙe a 1929, kuma albarkacinsa ne gyaɗa da auduga da ƙiraga na ƙasar Zurmi da Shinkafi suka riƙa kwararowa bisa jakuna da raƙuma. Sa'ad da jirgi ya yi rauni, manyan motoci suka karɓe lodi, sai gari ya juya fuskarsa tashar mota ba tare da zaman makoki ba.

Kada mai karatu ya zaci rashin iya gyara ne, don kuwa bakaniken Ƙaura da ke rayar da injin niƙa wanda ya girme shi, yana yanko masa gasket daga kwali, ya fi dattijon nan ijtihadi nesa ba kusa ba, tun da shi ba littafin kamfani gare shi ba, ba kuma kayan gyara na asali ba. Bambancin a niyya yake. Wancan yana gyara abin da bukatarsa ta riga ta mutu, don ta'ajibin jikoki. Namu kuwa larura ce ke sa shi, saboda haka bai damu da siffa ba matuƙar abu zai tashi, in kuma ya ƙi tashi, taya ta koma guga da takalmi, ƙarfe ya tafi wurin 'yan gwangwan. Mai gyaran rediyo ma, da dalmarsa ta jiya, yau wayar hannu da fitilar sola yake liƙawa. Asararmu, a ganina, ita ce ba mu bar wa na baya abin da za su taɓa da hannu ba.

Sai dai a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a duk Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako har da ta Shinkafi, tsofaffin rediyoyin da ke ƙarƙashin gado aka zaƙulo aka zuba wa batir, aka koma rubuta wasiƙa ana ba direbobi, mai uzurin gaggawa kuwa ya hau mota har Funtuwa ko Sakkwato don ya buga waya.