Wasiƙa daga Maraɗi: Addu'a a Bakin Hanya, Kututture a Gona

Zuwa ga dangi da abokan arziki na Morai, da na Talata Mafara, Bakura da Maradun. Daga ɗanku da ke Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. 

Da zai taso, wasunku sun yi masa dariya, wai Maraɗi ma har ƙasar waje ce? Da 'yar gaskiyarsu. Ya bi ta Sakkwato, ya ƙetara iyaka a Illela, ya shiga Birnin Ƙonni, ya wuce Galmi garin albasa, da Madawa, da Tsibirin Gobir, ko sau ɗaya bai nemi tafinta ba. Hausar nan ma ta fi kusa da ta Zamfara a kan ta Kano, ba mai kwaikwayon bakinsa in ya ce "hwara". A kasuwa ne ya san shi baƙo ne. Mai kilishi ya ce masa ɗari, ya miƙa sefa ɗari, mutumin ya yi masa kallon raini. Ashe da dala ake ƙidaya, dala guda kuwa sefa 5 ce, ɗarinsu ke nan sefa 500.

Kun san shi Kirista ne, daga cikin 'yan gidajen da aikin madatsar Bakolori ya kawo yankinku wajen 1978 suka zauna. Ya saba da zama cikin tsiraru, amma na Nijar sun fi shi sanin wannan, don ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin ƙasar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ya shiga majami'a ran Lahadi yana zaton zai tarar da mutane a takure. Sai ya iske matan zumunta cikin anko suna kaɗa tulu da ganga, ana rausaya, yara na tsalle tsakanin kujeru. Da aka zo ba da shaida, ba a ji wani babban labari ba. Wata ta miƙe ta gode wa Ubangiji geronta ya nuna kafin ruwa ya ɗauke. Wani dattijo ya ce jakinsa da ya ɓata kwana uku ya dawo da kansa, majami'a ta kece da dariya, aka kuma ce amin da gaske. Kalmar da ta fi yawo a bakinsu ita ce bishewa: Allah ya bishe mu a kasuwa, ya bishe mu a hanya, ya bishe mu kan ranar shuka.

Tushen wannan jama'a daga mishan ɗin SIM yake, wadda ta haifi ECWA a Najeriya. Ta sauka Damagaram a 1924, ta zo Tsibiri bayan 'yan shekaru, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan asibitin kutare na Danja, kudu da Maraɗi, a 1956. Ikilisiyar EERN ta fito daga wannan mishan a farkon shekarun 1960. Wannan duk sananne ne. Labarin da ɗanku ya fi so ku ji na wani mutum ne da ya rasa yadda zai yi a tsakiyar rairayi.

Sunansa Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, masanin aikin gona. SIM ta kawo shi Maraɗi a farkon shekarun 1980 shi da matarsa, aka ɗora shi kan dashen itatuwa. Lokacin ƙasar ta zama fili fetal. Farin shekarun 1970 ya ci nasa, gatari ya ci nasa, malaman gona kuma sun daɗe suna koya wa mutane cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas. Iska kan taso ta binne shuka, manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Rinaudo ya yi ta rainon 'ya'yan itace yana kai wa ƙauyuka. Rana ta ƙone wasu, awaki suka cinye wasu, gara ta gama da saura. Fiye da shekara biyu ana zuba kuɗi da gumi, abin da ya tsira bai taka kara ya karya ba.

A 1983, wata rana ya ɗauko kayan dashe a mota, ya tsaya don ya rage iskar taya saboda rairayi. Ya duba gabas da yamma, da ƙyar ya ga itace tsaye. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa a nan ne gwiwarsa ta yi sanyi, ya roƙi Allah gafara kan yadda 'yan Adam suka ɓata halittarsa, ya kuma roƙa a buɗe masa ido a nuna masa abin yi. Da ya ɗaga kai sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin waɗanda ya wuce sau ba adadi yana ɗauka ciyayin banza ne. Ya matsa ya duba ganyen. Ashe itace ne da aka sare, saiwarsa na raye a ƙasa, yana tofo kowace shekara, kowace shekara kuma ana sassabe shi a ƙone. Irinsa kuwa sun cika gonaki: kalgo, sabara, gawo, magarya.

Dabarar da ta fito daga nan ko yaro zai iya. A zaɓi tofo ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kan kututture, a datse sauran, a riƙa yi musu aski, a tsare su daga dabbobi. Tunda saiwar ta riga ta kai ga laima, cikin 'yan shekaru sai ga itace ya fi mutum tsawo. A nan sassabin zamani suke ce wa dabarar.

Kada ku ɗauka daga addu'a sai nasara. Manoman farko da suka yarda kaɗan ne, an yi musu ba'a, an sace musu itatuwa da dare, shi kuma aka laƙaba masa mahaukacin Bature. Sai yunwar 1984 ta zo, wadda mutanen nan ke kira El Buhari saboda rufe iyakar da Najeriya ta yi a shekarar. Mishan ta raba abinci a ƙauyuka wajen ɗari da sharaɗin a bar tofo a gona. Da aka daina rabon, yawancin mutane suka koma suka sare. Waɗanda suka bar nasu ne suka ga itacen girki a ƙofar gida, ganye ga dabbobi, gero kuma ya daina binnuwa, maƙwabta suka fara leƙe ta kan iyaka. Akwai kuma batun doka: a da itace na gwamnati ne, ma'aikatan gandun daji na cin tarar mai gona in ya sari reshe, don haka ba wanda ke son itace a gonarsa sai da aka sassauta. Wajen shekara ashirin bayan yunwar masu bincike suka gwada hotunan sama, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram da kewaye. A 2018 aka ba Rinaudo lambar Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo, manomi Musulmi daga Burkina Faso.

Wasu masu wa'azi kan ba da labarin kamar itatuwa sun faɗo daga sama. Ɗanku bai yarda da wannan ba. Kututturen nan yana wurin tun kafin addu'ar, tsofaffin manoma ma sun san yana tofo. Abin da aka ba mutumin ido ne, sannan aka bar shi da wuƙa da shekaru goma sha na jayayya da mutane. Waɗanda suka yi aikin kuwa kusan duka Musulmi ne, masu cewa tawakkali inda shi zai ce dogara ga Ubangiji. Ai dukkanmu mun taso muna jin cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

Murnar majami'ar nan ma ba ta rashin wahala ba ce. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka mutu. In sun tuna ranakun, ba su cika daɗewa kan wutar ba, sun fi ambaton maƙwabta Musulmi da suka ɓoye masu bi a gidajensu. Daga 2019 kuma sun ga dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina sun tsallako wajen Gidan Rumji suna gudun 'yan bindiga. Shi ya sa ranar da ɗanku ya faɗi inda ya fito, wata tsohuwa ta sa aka tsaya aka yi wa Morai addu'a da sunanta, ko da yake sai da ya maimaita mata sunan sau biyu.

Yanzu ga saƙo ga ƙanensa mai kula da gonar tudu. In lokacin sharar gona ya yi, kada a sa wuta a kututturan kalgo da sabarar da ke gefen gabas. A bar tofo uku-uku a kan kowane, a kewaye su da ƙaya saboda awaki. In hanya ta yi kyau zai zo bayan Kirsimeti ya nuna yadda ake askin, zai kuma tsaya a Galmi ya sayo irin albasa don masu fadama a Bakura. A gaida Inna, a ce mata kilishinta na nan tafe, kuma yanzu ya iya ƙidayar dala.