Marsandin da Alhaji Ya Bari

Ni dai shekara biyar ina shiga motar nan, ban taɓa sanin inda ake buɗe bonet ɗinta ba. Nawa shi ne in hakimce a gidan baya, a kai ni biki, a kai ni suna. Marsandi ce E350 ƙirar 2010, Alhaji ya sayo ta daga Kwatano a 2016. Da Allah Ya yi masa rasuwa a 2021 aka zo rabon gado, sai ta faɗo a kason 'ya'yana uku. Kin ga ke nan ta tashi daga motar gayu ta koma dukiyar marayu, amanarta kuma tana wuyana.

Wata huɗu da kwana goma da na yi ina takaba, a lulluɓe take da tamfol. A ganina adana ta nake yi. Ranar da aka zo tayar da ita ko tari ba ta yi ba, batir ya mutu murus. Aka sayo sabo, sai ga rubutu ya fito a gaban sitiyari, da harafin B. Direban Alhaji ya ce, "Hajiya, sabis take nema, kawo kuɗin juye." Na ba shi. Kafin la'asar ya dawo, rubutu ya ɓace. Haka muka yi ta yi har shekara biyu.

Abin da ya tona asiri wani ɗan littafi ne da na tsinta a aljihun motar ina neman takardunta. Rubutun Alhaji ne, Allah Ya jiƙansa, kowane sabis da ranarsa, da lambar da agogon motar ya nuna, da abin da aka canza. A bangon baya ya rubuta lambar wayar bakanikensa. Sai da na yi kukana ya ishe ni, sannan na kira shi.

Dattijon nan da ya kunce tacen mai ya nuna mini, wallahi kamar an tsoma shi a kwalta. Ya ce tun zamanin Alhaji ba a canza shi ba. Ashe direba bakin titi yake kai ta a ɗura mata baƙin mai na durom, sannan ya danna maɓallan sitiyari ya goge rubutun, canjin ya soke a aljihu. A lagireto ma ruwan rijiya yake zubawa, har tsatsa ta fara.

Shi ya zaunar da ni a benci ya karanta mini. Sabis ɗin irin wannan mota iri biyu ne, A da B, ana yin su bi da bi. Tsakaninsu mil 10,000, wajen kilomita 16,000 ke nan, ko shekara guda, duk wanda ya riga cika. Don haka ko tana ajiye lokacinta tafiya yake, mai yana lalacewa a zaune. A shi ne ƙarami: baƙin mai da tacensa, a duba birki da iskar taya. B kuwa ana ƙarawa da tacen iskar cikin mota da man birki, domin man birki yana shan danshi, duk shekara biyu yake son canji. Injinta lita 8 yake sha, kuma ba kowane mai ba, sai wanda aka rubuta 229.5 a jikin galan ɗinsa. Ya ce wancan lissafin na titin Turawa ne. Da zafinmu da ƙurar hunturu, shi bai yarda a wuce rabinsa ba.

Na tambaye shi gaskiya, ina ya kamata in riƙa kai ta? Ya ce akwai babban garejin dillalan kamfani, aikinsu da rasit da kayan asali, amma kuɗinsu sai mai ƙarfi. Akwai irinsu, waɗanda ba sa taɓa kowace mota sai Marsandi, suna da kwamfutar da ake jona mata ta faɗi ciwonta. Na bakin titi kuwa, ya ce a bar musu facin taya. Na zaɓi na tsakiya, amma da sharaɗi: ni zan sayo mai da hannuna, a fasa galan ɗin a gabana, tsohon tace kuma a ba ni shi a leda. Dariya ya yi, ya ce Alhaji ma haka yake yi masa.

Direba na sallame shi ba tare da tonon silili ba, yana da iyali. Ƙawayena kuwa har yau tsiya suke mini wai Hajiya ta koma 'yar gareji. Bayan cire tallafin fetur a 2023 fitar ma ta ragu, ƙanin Alhaji ya ce a sayar a biya wa babbar kuɗin jami'a, na ce to. Mai saye na farko da ya zo, kafin ya taya sai da ya tambayi tarihin sabis ɗinta. Na miƙa masa littafin. Ya buɗa, ya bi rubutun Alhaji, ya bi nawa, sai ya ɗora yatsa a kan giɓin shekara biyun nan ya ce, "Hajiya, nan fa?"