Abin da Dattawan Dundaye Suka Koya daga Gulbin Rima

Dundaye, wadda ke ƙaramar hukumar Wamakko daura da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba ta san teku ba, amma dattawanta sun yi rayuwarsu a gefen gulbin Rima, kuma idan suka ziyarci Argungu, tsohon garin Kabawa da ke ƙasa da su a kan wannan ruwa, sukan auna abin da suka gani da abin da suka tashi suka tarar a Kwalkwalawa da sauran ƙauyukan fadama.

Bikin kamun kifi na Argungu ya samo sifarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta ƙarfafa zumunci bayan daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Baƙo yakan shagala da dubban masunta da ke rugawa cikin ruwan Matan Fada riƙe da homa, wato ragar hannu, kowa da goransa, babbar ƙwarya mai ƙaramin baki wadda yake hawa ya yi iyo, ya kuma zuba kifi a cikinta. Dattijo kuwa hankalinsa yana kan watannin da suka gabaci wannan rana, domin ya san giwan ruwan da ake ɗagawa ana kaɗa ganguna ya girma ne saboda an hana taɓa wurin har sai Sarkin Ruwa, mai kula da gulbi da al'adunsa, ya ba da izini. A ganinsa wannan hani shi ne ainihin gadon Kabawa, kuma ya fi bikin kansa cancantar a kiyaye shi.

Shekaru sun kuma nuna wa dattawan cewa arzikin masunci yana tare da na manomi, tun da ambaliyar damina da ke jiƙa fadamar shinkafa ita ce ke buɗe wa tarwaɗa da karfasa wuraren hayayyafa, sannan ta bar tafkunan da ake yin su, wato kamun kifi na gayya, a cikinsu da rani. Da aka gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, aka biyo da ta Goronyo a kan Rima, sai cikowar ruwa ta daina bin ƙa'idar da suka saba da ita, kuma a 2010 ruwa ya zo da ƙarfin da ya yanke hanyar shiga jami'a, ya cinye gonaki masu yawa.

Abin da ya fi damunsu a yau shi ne raga mai ƙananan idanu, wadda ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai tsawon yatsa ba, ana shanya su a kan tabarma a bakin gulbi, alhali a da masunta sukan mayar da irinsu cikin ruwa.